Darasi: Sabunta Babbar Manhajar Wayar Hannu

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi da ɗaliba su iya:

1. faɗin abin da ake nufi da babbar manhaja, su kuma duba wacce ce a wayarsu;
2. bambance sabon zubi da facin tsaro;
3. shirya waya kafin a sabunta ta, don kada a yi asarar hoto, lamba ko kuɗin data;
4. sabunta wayar da hannunsu, ba sai an kai wa mai gyara ba;
5. gane saƙon ƙarya da ke zuwa da sunan sabuntawa;
6. sanin abin yi idan kamfani ya daina turo wa wayar sabuntawa.

Kowa ya zo aji da wayarsa da caji a ciki. Wanda ba shi da babbar waya ya zauna kusa da mai ita.

Mece ce babbar manhaja?

Waya kashi biyu ce. Akwai abin da hannu ke taɓawa: gilashi, batir, kyamara, sifika, gurbin layi. Akwai kuma umarnin da aka zuba mata a ciki, wanda ba a ganinsa sai dai a ga aikinsa. Wannan umarni shi ake kira manhaja. WhatsApp manhaja ce, Facebook manhaja ce, haka ta banki da ta karatun Alƙur'ani. Amma duk waɗannan ƙanana ne, a kan wata babba suke zaune. Babbar ita ke tada wayar idan an kunna ta, ita ke raba wa ƙananan batir da wurin ajiya, ita ke ba WhatsApp izinin buɗe kyamara ko ta hana, ita ce kuma ke kulle fuskar wayar har sai an sa lambar sirri.

> Babbar manhaja: manhajar da ke tafiyar da wayar gaba ɗaya, wadda sauran manhajoji ba sa aiki sai da ita.
>
> Zubi: fitowar babbar manhaja ta wata shekara, mai ɗauke da lambarta, kamar Android 13 ko Android 14.

Manyan wayoyin da ke hannun jama'a kusan duk ɗayan biyu suke ɗauke da ita. Ko dai Android ta kamfanin Google, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, ko kuma iOS ta kamfanin Apple, wadda ba a samunta sai a iPhone, ita kuwa iPhone ta fara fitowa a 2007. Tecno, Infinix da itel, waɗanda dukkansu na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, Android suke amfani da ita. Haka Samsung da Redmi. Sai dai kowane kamfani yakan ɗora nasa fasalin a kai ya ba shi suna: Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS, Samsung na da One UI. Shi ya sa wayoyi biyu za su kasance duk Android ne amma maɓallansu ba wuri ɗaya suke ba.

Duk shekara Google na fitar da sabon zubi. A da sunan kayan zaƙi ake sa musu, irin su KitKat, Lollipop da Oreo. Daga 2019, lokacin Android 10, aka koma kiran lamba kawai.

*Misali na 1: shekarar zubi.* Daga Android 5 zuwa Android 16 akwai lissafi mai sauƙi. A ƙara 9 a kan lambar zubin, abin da aka samu shi ne lambobi biyu na ƙarshe na shekarar da ya fito. Android 11: 11 da 9 sun zama 20, wato 2020. Android 14: 14 da 9 sun zama 23, wato 2023. Mai Android 8 kuwa, 8 da 9 sun zama 17, ke nan manhajar da ke wayarsa ta 2017 ce, ko da bara ya sayi wayar.

*Aikin aji.* A buɗe Settings, mai alamar ɗan ƙarfe mai haƙora. A nemi About phone, a wasu wayoyin My Phone. A duba Android version a rubuta lambar a littafi. Kusa da ita akwai kwanan wata da aka rubuta wa Android security update ko Security patch level, shi ma a rubuta shi, za mu dawo kansa. Wanda wayarsa ke kan Faransanci zai ga Paramètres a maimakon Settings.

Sabuntawa iri biyu ce

Ta farko ita ce sabon zubi, wato a tashi daga Android 13 a koma 14. Wannan yana da nauyi, yakan kai gigabayit ɗaya zuwa uku ko fiye, kuma yakan canza kamannin wayar. Yakan zo da abubuwa masu amfani. Daga Android 6, manhaja ba ta taɓa kyamara ko lambobin mutum sai ta tambaya. Android 10 ta ba da damar a ce manhaja ta san inda mutum yake a lokacin da yake amfani da ita kaɗai. Android 12 ta kawo koren ɗigo a saman fuskar waya, wanda ke haskawa duk sa'ad da wata manhaja ta buɗe kyamara ko makirfo. Android 13 ta sa dole manhaja ta nemi izini kafin ta fara damun mutum da sanarwa.

Ta biyu ita ce facin tsaro. Ba shi da nauyi sosai, kuma bayan an sa shi ba za a ga wani canji ba. Wannan ne ya sa mutane ke raina shi, alhali a ganina shi ya fi muhimmanci.

> Facin tsaro: ƙaramin gyara da kamfani ke turowa don toshe wata kafa da aka gano ɓarayin intanet za su iya bi su shiga waya.

Babbar manhaja mutane ne suka rubuta ta, kuma rubutu mai yawa haka ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren yakan zama hanyar shiga. A 2015 masu bincike suka bayyana wata kafa a Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta shafi ɗaruruwan miliyoyin wayoyi. Ta hanyarta ana iya kai wa waya hari da saƙon bidiyo kawai, ko da mai wayar bai buɗe shi ba. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da facin tsaro wata-wata, tun daga Agustan shekarar.

Ga inda ya kamata a natsu. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce ake shelanta wa duniya inda kafar take. Tamkar a yi shela a unguwa ne cewa katangar gidaje kaza ta tsage ta baya, ga kuma magini kyauta. Mai gida ya ji, ɓarawo ma ya ji. Wanda ya ce sai wata mai zuwa, ya bar tsagar da yanzu kowa ya san wurinta. Saboda haka shawarata ita ce: facin tsaro, da ya iso a sa shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sabon zubi kuwa ba laifi a jinkirta mako ɗaya ko biyu, a ji yadda ya zauna wa masu irin wayar.

Sabunta WhatsApp ko manhajar banki daga Play Store wani abu ne daban. Shi ma ana bukatarsa, amma ba ya maye gurbin waɗannan biyun.

Me ya sa ba za a bar ta yadda take ba?

Da yawa sukan ce, ai wayata lafiyarta lau, me zai sa in taɓa ta? Tambaya ce mai kyau. Amsar farko ita ce abin da wayar ke riƙe da shi yanzu. Cikinta akwai asusun banki, saƙon lambobin da banki ke turowa, hotunan iyali, lissafin bashin abokan ciniki. Amsa ta biyu kuma, ƙananan manhajoji ba sa jiran kowa. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba. Manhajojin banki ma sukan ɗaga nasu ma'aunin lokaci zuwa lokaci, mutum ya wayi gari Play Store na ce masa wayarsa ba ta dace da manhajar ba.

Masu tsoron cewa sabon zubi zai rage wa waya sauri ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Ƙaramar waya mai ƙarancin ƙwaƙwalwa, wadda ma'adanarta ta cika maƙil, takan ji nauyin sabon zubi. Don irin waɗannan wayoyi ne Google ya fito da Android Go mara nauyi a 2017. Amma kamfani ba ya turo zubi sai wanda ya gwada a kan wannan samfurin, kuma yawancin nauyin da ake kuka da shi cikar ma'adana ce ke jawo shi.

Ta maƙwabcina ta samu, tawa shiru

Wannan ba lalacewa ba ce. Idan Google ya fitar da sabon zubi, sai masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Qualcomm, sun daidaita nasu ɓangaren. Sannan kamfanin wayar ya ɗora fasalinsa, ya gwada, ya rinƙa sakewa rukuni-rukuni, ƙasa bayan ƙasa. Ana iya ɗaukar watanni. iPhone ba ta bin wannan doguwar hanya, domin Apple ne ke yin wayar da manhajar, shi ya sa sabon zubi ke isa rana ɗaya ga duk iPhone ɗin da kamfanin bai daina kula da ita ba, galibi a watan Satumba. Masu iPhone kada lamba ta ruɗe su: daga iOS 18 ta 2024 sai aka tsallaka zuwa iOS 26 a 2025, babu 19 zuwa 25.

Shiri kafin a danna komai

Sabuntawar kanta danna maɓalli biyu ce ko uku. Aikin yana wurin shiri, kuma kusan duk kukan da ake ji daga baya nan aka yi sakaci.

*Lambar sirri.* Wannan na sa a gaba don shi ya fi kama mutane. Wanda ya saba buɗe waya da yatsa ko da fuska yakan manta lambar ko zanen da ya sa tun ranar da ya saye ta. To duk sa'ad da waya ta mutu ta sake tashi, karon farko ba ta karɓar yatsa, sai lambar. Sabuntawa kuwa dole ta kashe wayar ta tada ta. Kafin a fara, a kulle wayar a buɗe ta da lambar, a tabbata ana tune da ita.

Haka adireshin Gmail da kalmar sirrinsa. Mutane da dama yaron shago ne ya buɗe musu ranar sayen waya, ko ɗa ko ƙane, ba su taɓa sanin abin da aka sa ba. Idan abu ya ɓaci har aka wanke wayar, wato aka goge duk abin da ke cikinta, za ta nemi wannan asusun kafin ta buɗe, domin an yi hakan ne don kada ɓarawo ya amfana da wayar sata. Mai wayar da bai san asusunsa ba, shi ma ƙofar a rufe take gare shi. A nemo su yau, a rubuta a takarda, a adana a gida inda ake ajiye takardu masu muhimmanci. Kada a rubuta a bayan rigar wayar.

*Kwafi.* Sabuntawa ba ta goge hotuna ko lambobi. Amma wuta kan ɗauke, batir kan ci amana, don haka ake yin kwafi.

> Kwafin ajiya: kwafin hotuna, lambobi da saƙonni da aka adana a wani wuri daban da wayar, don a dawo da su idan na ciki sun salwanta.

Asusun Google na ba da gigabayit 15 kyauta, iCloud na masu iPhone na ba da 5. A WhatsApp a shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup, a danna Back up. Lambobin mutane a duba ko a asusun Google suke, ba a cikin wayar kaɗai ba. Wanda data ta yi masa tsada ya kwashe hotunan zuwa katin memori ko kwamfuta, ko ya tura wa wayar wanda ya amince da shi a gida.

*Caji.* Batir ya wuce rabi, in da hali a bar wayar a jone. Idan batir na da ƙarfi, ɗaukewar wuta ba za ta yi komai ba. Haɗarin yana ga batirin da ya tsufa, mai nuna 40 yanzu, an jima kaɗan ya mutu. Mai irin wannan ya jona da fawa-banki. Kada kuma a fara sabuntawa a bar wayar wurin mai cajin kuɗi a tafi.

*Wuri a ma'adana.*

> Ma'adana: wurin da waya ke ajiye hotuna, bidiyo da manhajoji. Ana auna ta da gigabayit, a taƙaice GB. Gigabayit ɗaya kusan megabayit 1,000 ne, a taƙaice MB.

*Misali na 2.* A ce wata mai ɗinki tana da waya mai 64GB, ta cinye 61.5GB. Sabon zubi ya iso mai nauyin 2GB. Abin da ya rage mata: 64 a cire 61.5, saura 2.5GB. Da ganin farko ya isa. Amma wayar na bukatar wurin sauke fayil ɗin da kuma wurin warware shi. Ƙa'idar da za mu riƙe a wannan aji ita ce a tanadi ninki biyu: 2 sau 2, 4GB ke nan. Tana da 2.5, saura 1.5GB. Ina za ta samo? Ta shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, Manage storage. Nan za ta tarar da bidiyon kamu da na suna da aka turo zauren dangi sau uku-uku, da karatuttukan da ta riga ta saurara. Hotunan samfurin ɗinki da take nuna wa masu kawo aiki, waɗannan ta bar su.

*Data.* In akwai Wi-Fi a wurin aiki, makaranta ko gidan ɗan'uwa, shi ya fi. In babu, a yi lissafi tukuna.

*Misali na 3.* A ce wani mai shayi ya sayi data 1.5GB, ya ci 600MB. Sabuntawar 2.4GB ce. Mu mayar da komai megabayit. 1,500 a cire 600, saura 900. Ana bukatar 2,400. 2,400 a cire 900, giɓin 1,500MB ne. Idan ya sayo 1.5GB cif-cif, data za ta ƙare daidai bakin gaɓa, ga shi bayan sabon zubi ƙananan manhajoji ma za su nemi tasu sabuntawar. Gara ya sayi 2GB, ya samu rarar 500MB. Ya kuma tambayi kamfanin layinsa ko suna da datar dare mai rahusa. Wasu wayoyin ba sa yarda su sauke babban fayil da datar layi sai an ba su izini, wasu kuma sai an haɗa su da Wi-Fi. A nan ana iya kunna Hotspot a wata wayar a jona.

*Lokaci.* Yayin da ake girka sabuntawa, kira ba ya shiga, saƙon banki ba ya shiga. Mai POS ko mai jiran kiran fasinja kada ya fara da hantsi ranar kasuwa. Bayan sallar isha'i ya fi.

Yadda ake yi

A wayar Android:

1. A buɗe Settings, a nemi System, sai System update ko Software update. A Samsung, Software update na nan a jerin farko. Wanda ya rasa ya rubuta update a gurbin bincike na saman Settings.
2. A danna Check for update, a jira.
3. In akwai, za a ga nauyinsa. A gwada shi da data da ma'adana kamar yadda muka yi.
4. A danna Download. Ana iya ci gaba da amfani da wayar yayin da take saukewa.
5. Idan ta gama, a danna Install ko Restart now.

A iPhone: Settings, General, Software Update, sannan a bi abin da ta nuna. A Faransanci kalmar da za a nema ita ce Mise à jour.

Daga nan fuskar za ta yi baƙi, tambarin kamfani ya fito, wani layi ya rinƙa cika a hankali. Wayar na iya mutuwa ta tashi fiye da sau ɗaya, bayanta kuma zai yi ɗumi. Duk wannan daidai ne. Yakan ɗauki minti goma zuwa rabin awa, wani lokaci fiye. Layin kan tsaya wuri ɗaya har mutum ya zaci ta maƙale, a nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Kada a danne maɓallin kashewa, kada a cire batir a wayar da ake cire nata. A ajiye ta a kan tebur ko dandamali mai sanyi, ba ƙarƙashin filo ba, musamman a bazara.

Bayan ta tashi

Kwana ɗaya ko biyu na farko batir kan yi saurin sauka, domin wayar na sake tsara manhajoji da hotuna a ɓoye. A ba ta lokaci. A shiga Play Store a sabunta ƙananan manhajoji, ta banki a gaba. Idan wani maɓalli ya bar inda aka san shi, a neme shi ta gurbin bincike. A kuma sani cewa komawa tsohon zubi ba abu ne mai sauƙi ba, galibi sai an goge komai, shi ya sa muka ce a ɗan saurara kafin a karɓi sabon zubi.

Idan waya ta shafe awanni a kan tambari ba ta wuce ba, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci har ta sake tashi. In ta ƙi, a kai ta cibiyar gyara ta kamfanin. Masu Tecno, Infinix da itel tasu ita ce Carlcare. In wurin mai gyara na kasuwa za a je, akwai tambayar da ba a bari.

*Misali na 4.* A ce wata dattijuwa ta kai wayarta shago. Yaron ya duba ya ce, "Hajiya, sai dai a yi mata filashin."

"To ɗana, in an yi, hotunan jikokina da lambobin mutane fa?"

"Gaskiya Hajiya duk za su tafi, sai in kina da kwafi."

"Dakata tukuna. Ba ni layina da katin memorina. Ka fara gwada abin da ba zai goge ba, in ya ƙi sai mu yi magana."

Hajiya ta yi daidai ta fuska uku: ta tambaya kafin a taɓa, ta karɓe layinta wanda saƙon banki ke shigowa ta kansa, ba ta kuma ba da lambar sirrin bankinta ba, don gyaran waya ba ya bukatarta.

> Filashin: goge babbar manhajar waya a sake zuba ta ta hanyar kwamfuta. Yakan tafi da duk abin da ke cikin wayar.

Sabuntawar ƙarya

Macuta sun san mutane sun ji cewa sabuntawa abu ne mai kyau, sai suka ari sunan. Mutum na cikin karanta labarin ƙwallo a intanet, sai shafi ya yi ja, wayar ta yi kuka, a rubuta cewa ƙwayoyin cuta sun kama ta, ya danna nan ya sabunta cikin minti biyu. Ko a turo saƙo a zauren WhatsApp da wani fayil mai ƙarewa da apk, a ce sabon Android ne. Wanda ya girka irin wannan, da hannunsa ya shigo da manhajar da za ta iya karanta saƙonninsa, har da lambar da banki ke turowa.

Sabuntawar gaskiya daga cikin Settings take fitowa. Ba ta zuwa ta WhatsApp, ba ta zuwa ta saƙon tes mai ɗauke da adireshin da za a danna, ba ta neman ko kwabo, ba ta tambayar BVN, lambar katin ATM ko lambar da banki ya turo. Ba ta kuma ƙirga wa mutum daƙiƙa don ta firgita shi. Duk sanarwar da aka yi shakka a kanta, a rufe ta, a je Settings da kai a duba. In akwai sabuntawa, tana can tana jira.

Idan kamfani ya daina turowa

Kowace waya na da ranar da za a daina kula da ita. Google ya yi wa Pixel 8 ta 2023 alkawarin shekara bakwai, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 ta 2024 irin wannan alkawari. Wayoyi masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne a hannun akasarinmu, da yawansu zubi ɗaya ko biyu suke samu, wasu ma a kan wanda suka zo da shi suke ƙarewa. Wannan abu yana damuna, domin mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi daɗewa da waya ɗaya, shi ne kuma asarar dubu goma ke karya wa jari.

A koma ga kwanan watan da muka rubuta a aikin aji. In ya haura shekara guda kuma Settings na cewa babu sabo, da alama an daina. Wayar ba ta mutu ba, amma sai an ƙara kula. A ci gaba da sabunta ƙananan manhajoji. Daga Android 10 zuwa sama akwai Google Play system update a ɓangaren Security, wanda Google ke turowa kai tsaye ba ta hannun kamfanin wayar ba, shi ma a rinƙa dubawa. Kada a girka komai daga wajen Play Store. In wani ya ce zai zuba wa wayar sabon Android wanda ba na kamfaninta ba, ɗalibin wannan aji ya ce a'a, domin kyamara ko layi na iya daina aiki, wasu manhajojin banki kuma ba sa buɗewa a wayar da aka yi wa haka.

Ranar sayen wata, sabuwa ce ko ta hannu, bayan an duba kyamara da batir, a buɗe About phone a gaban mai shagon. A karanta lambar zubi, a ƙara 9, a duba kwanan watan facin ƙarshe. In ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na Google ko na iCloud kafin kuɗi su bar aljihu.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominku, mene ne bambancin babbar manhaja da manhaja irin WhatsApp?
2. Wata waya na ɗauke da Android 12. A wace shekara wannan zubi ya fito? A nuna lissafin.
3. Me ya sa jinkirta facin tsaro ya fi jinkirta sabon zubi haɗari?
4. Mutum ya saba buɗe wayarsa da yatsa. Me ya kamata ya gwada kafin ya fara sabuntawa, kuma don me?
5. Waya mai 32GB an cinye 29GB. Sabuntawa mai nauyin 1.8GB ta iso. Bisa ƙa'idar ninki biyu, wurin ya isa? In bai isa ba, nawa za a share?
6. Kuna da 700MB, sabuntawa na bukatar 1.9GB. Megabayit nawa ne giɓin?
7. Ƙanwarku ta turo muku fayil a WhatsApp ta ce sabon Android ne, an ce kowa ya girka kafin Juma'a. Me za ku yi, me kuma za ku ce mata?
8. Ku ambaci abubuwa biyu da za ku cire daga waya, da tambaya ɗaya da za ku yi, kafin ku bar ta wurin mai gyara.
9. Aikin gida: ku duba wayoyi biyu a gidanku, ku rubuta samfurin kowacce, lambar zubinta da kwanan watan facinta na ƙarshe, ku kawo aji mako mai zuwa.